Jakin dabul bes mai faifan murɗawa: abin da na gani bayan hunturu biyu da damina ɗaya a Birnin Kebbi

Duk wanda ya taɓa riƙe goge ko kukuma ya san jaki, wato ɗan guntun itacen nan da ake tsayarwa a kan fata domin ya ɗaga tsirkiya, kuma ya san cewa duk da ƙanƙantarsa a kansa daɗin sauti ya rataya. Dabul bes, babban gogen Turawa da ake kaɗawa a tsaye, wanda tsayinsa ya kusa na mutum, shi ma jaki ne yake ɗauke da tsirkiyoyinsa huɗu, sai dai nasa jakin ya fi tafin hannu girma, an sassaƙa shi daga itacen mafal mai tauri, kuma nauyin jan da tsirkiyoyin ƙarfe suke yi idan an ɗaure su ya haura kilo 100. Ba a manna shi da gam, ba a kafa shi da ƙusa. Dannawar tsirkiyoyin ce kaɗai take riƙe da shi a mazauninsa. Abin da zan yi bayani a kai shi ne wani jaki na musamman da na saya wa nawa dabul bes ɗin, mai faifan ƙarfe ɗaya a kowace ƙafa, wanda ake murɗawa domin a ƙara masa tsayi ko a rage, tare da aikin kafintan da ya daidaita mini shi a nan Birnin Kebbi.

Na gaji wannan kayan kiɗa ne daga malamin da ya koya mini kiɗa a Legas, kuma girmansa shi ne wanda ake kira uku bisa huɗu, wanda akasarin makaɗa suke amfani da shi, tsawon tsirkiyarsa daga kai zuwa jaki santimita 105. Bayansa da gefunansa falankin katako ne da aka liƙa hawa-hawa, amma fuskarsa, wadda jakin yake tsaye a kanta, itacen sifurus ne tsantsa da aka sassaƙa, kuma a nan matsalar take. Itace irin wannan yana shan laimar iska ya kumbura, yana kuma bushewa ya tsuke. A Legas, inda iska take da danshi kusan duk shekara, ban taɓa damuwa da wannan ba, amma da na dawo gida sai na tarar cewa shekararmu ta kasu gida biyu a wurin wannan itace. A watan Agusta, lokacin da fadamar shinkafa take cike da ruwa, fuskar takan tasa, jakin ya hau, har tazarar da ke tsakanin tsirkiyar E mai kauri da ƙarshen allon yatsu, wato dogon katakon da ake danna tsirkiya a kansa, ta kai milimita 12, wadda danna ta kan gajiyar da hannun hagu kafin a gama waƙa biyu. A watan Janairu kuwa, idan hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, leɓe yana tsagewa, sai fuskar ta sauka, tsirkiyar G siririya ta dawo milimita 3 da ɗoriya, ta riƙa dukan allon tana fitar da wata ƙara mai kama da kukan ƙudan zuma a cikin gwangwani.

Makaɗan ƙasashen sanyi sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa waɗansunsu suke ajiye jaki biyu, gajere na lokacin laima da dogo na lokacin bushewa. Ni kuwa dabarar da nake yi a da ita ce cusa siraran ɓawon katako a ƙarƙashin ƙafafun jakin idan hunturu ya shigo, dabarar da ba na ba kowa shawarar ya yi ta, domin tana kashe sauti, tana kuma barin tabo a fentin fuskar. Wata liyafar aure da muka yi wasa a unguwar Gesse ce ta sa na yanke shawara, domin a daren nan duk lokacin da na ja tsirkiyar A da ƙarfi sai ƙarar nan ta fito ta lasifika, kuma na ga mai ganga yana waiwayena.

Na yi odar jakin daga wani shagon kayan kiɗa a Legas, aka ba direban mota ya biyo da shi ta Kontagora da Yawuri da Koko da Jega, na karɓa a tasha bayan kwana uku. Kuɗinsa ya kusa ninka na jaki marar faifai. Yadda aka ƙera shi abu ne mai sauƙin fahimta: an yanke kowace ƙafa gida biyu, an saka faifan alminiyam a tsakani, faifan yana da sanda a tsakiyarsa wadda ɓangare ɗaya nata yake da tiredi kamar na noti, ɗaya ɓangaren kuma sumul yake. Ɓangaren mai tiredi yana shiga ramin da aka yanka wa tiredi a cikin itacen, sumul ɗin kuma yana juyawa a cikin nasa ramin, saboda haka idan aka murɗa faifan sai saman jakin ya hau ko ya sauka alhali tafin ƙafafun suna nan inda suke. Itacen da kansa ban same shi da aibu ba. Ƙwayarsa a matse take, ya bushe sosai, kuma ko da yake bai kai na kamfanin Aubert na garin Mirecourt a Faransa ba, waɗanda suka yi suna a sassaƙar jakuna, ya fi wanda na cire nesa ba kusa ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne maganar da mai shagon ya faɗa mini a waya, cewa da isowarsa sai in ɗora kawai in ɗaure tsirkiya. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma tana iya jawo wa wanda bai sani ba asarar da ta fi kuɗin jakin sau da yawa. Kowane sabon jaki yana zuwa ne a matsayin ɗanyen aiki: tafin ƙafafunsa a miƙe suke alhali fuskar dabul bes a ƙumbure take kamar bayan ƙwarya, samansa ya yi tsawo ya kuma yi kauri, babu ramukan da tsirkiyoyi za su kwanta. Idan aka ɗora shi haka, gefen ƙafa ne kaɗai zai taɓa fuskar, kuma duk nauyin nan zai taru a wuri ɗaya ya lotsa itacen sifurus, wanda ba shi da tauri. Babu takardar bayani ko ɗaya a cikin kwalin, kuma ba a tambaye ni faɗin ƙafafun tsohon jakina ba, alhali wannan awo yana da muhimmanci, domin ƙafa ɗaya dole ta zauna a kan doguwar sandar da aka liƙa a cikin fuskar ta ɓangaren tsirkiya mai kauri, ɗayar kuma kusa da turken da yake tsaye a ciki tsakanin fuska da baya. Sa'a ce kawai ta sa wanda aka aiko ya zo daidai da nawa, wajen milimita 150.

Babu mai sana'ar gyaran irin wannan kayan kiɗa da na samu a kusa, saboda haka na nufi wani kafinta a Rafin Atiku wanda yake gyara wa samari gita, mutum mai natsuwa da kaifin wuƙa. Kafin mu taɓa komai sai da muka kwantar da dabul bes ɗin rigingine a kan tabarma da bargo, muka ɗora masa ƙullin shinkafa mudu uku a kan fuska kusa da mazaunin jakin. Dalilin haka shi ne turken nan na ciki, wanda shi ma ba a manna shi ba, matsin fuskar ne yake riƙe da shi, kuma idan aka kwance tsirkiyoyi gaba ɗaya, musamman a lokacin da itace ya motsa, yana iya faɗuwa, tayar da shi kuwa sai da ƙarfe na musamman ta cikin ramin sauti, wato tsagar da aka yanka a fuskar domin sauti ya fito. Muka sa alama da fensir mai laushi a inda tsohon jakin yake, daidai tsakanin 'yan tsagogin ciki na ramukan sauti biyu, sannan muka cire shi.

Aikin ƙafafun ne ya ci mana yini guda, kuma shi ne ya sa nake yaba wa mutumin. Ya shimfiɗa takardar kabon a kan fuskar, ya ɗora ƙafar ya ɗan motsa ta, ya ɗaga ya duba inda baƙi ya kama, sannan ya kankare wurin da wuƙa, ƙanƙanin abu kamar ɓawon albasa. Haka ya riƙa yi, ɗorawa da kankarewa, har sai da baƙin ya mamaye tafin ƙafar duka, tun daga gefe har tsakiya. Da na ce masa ko za mu yi amfani da samfefa mu huta, sai ya ce, "Malam, samfefa tana cin gefe ta bar ciki, wanga aiki na wuƙa ne." Da ya gama, na gwada cusa takarda a ƙarƙashin kowace kusurwa, ba ta shiga ba. Daga nan ya ɗauki lanƙwasar allon yatsu ya zana ta a saman jakin, ya yanke, ya fefe kaurin bakin ya dawo kimanin milimita 5, ya buɗe ramuka huɗu da ƙaramin magagari, tazarar milimita 27 tsakanin kowace tsirkiya da 'yar'uwarta, zurfin kowane rami bai kai rabin kaurin tsirkiyar ba. Kuskure ɗaya da ya yi shi ne ramin tsirkiyar D ya ɗan zarce zurfi, har izga tana shafar maƙwabciyarta idan na danna, sai da muka koma washegari ya rage saman kaɗan ya sake fitar da ramukan. Bai karɓi ƙarin kuɗi a kan wannan ba.

Akwai shawarar da muka yanke a ranar wadda daga baya na gane ita ce ginshiƙin aikin duka. Tun da a tsakiyar hunturu muke, lokacin da fuskar ta fi sauka, mun yanke saman jakin ne alhali faya-fayan suna buɗe da murɗa huɗu, domin idan damina ta zo a samu wurin saukarwa. Wanda ya yanke jakinsa a hunturu faya-fayan suna rufe ruf, to idan laima ta tasar da fuskar ba shi da inda zai koma, kuɗinsa ya tafi a banza.

Ga yadda nake ƙara masa tsayi yanzu, kuma na yi hakan sau da dama har hannuna ya saba. Ina kwantar da shi rigingine, in auna tazarar kowace tsirkiya a ƙarshen allon yatsu da rula in rubuta. Sannan ina sassauta tsirkiyoyin huɗu, kowace kaɗan, har sautinsu ya sauka sosai amma ba su saki jakin ba. Wannan sassautawa wajibi ce wajen hawa, domin tiredin da ke cikin jakin a jikin itace aka yanka shi, kuma wanda ya tilasta faifan ya juya a ƙarƙashin cikakken nauyi yana iya cinye tiredin, daga nan kuwa ƙafar ta mutu. Tiredin nawa irin na Amurka ne mai zagaye 20 a kowane inci, ma'ana murɗa ɗaya cikakkiya tana ɗaga jakin da milimita 1.27, kuma da yake ƙarshen allon yatsu yana wajen kashi huɗu cikin biyar na tsawon tsirkiyar, abin da ake gani a can kusan milimita 1 ne. Wannan lissafi ya sauƙaƙa mini aiki ƙwarai: idan ina son ƙarin milimita 2, na san murɗa biyu nake bukata a kowane gefe. Ina yin rabin murɗa a dama, rabin murɗa a hagu, ina ɗan tallafe saman jakin da ɗaya hannun, har in kai adadin. Ɓangaren da ake murɗawa domin hawa ya danganta da ko tiredin sama yake kallo ko ƙasa, saboda haka ido ya kamata ya tsaya a kan tazarar da ke buɗewa kusa da faifan, ita ce shaida.

Daidaita gefen biyu ba ƙa'idar ado ba ce. A makon farko na so in ɗaga tsirkiyar E ita kaɗai, na murɗa faifan ɓangarenta sau biyu na bar ɗayan, sai na ga saman jakin ya karkata gefe, tsirkiyoyin duka sun gusa daga tsakiyar allon yatsu, tsirkiyar G ta matso baki, faifan kuma ya cije ya ƙi juyawa domin sandarsa ta daina tsayawa a miƙe cikin raminta. Na mayar da shi nan take. Bambancin tsayi tsakanin siririyar tsirkiya da mai kauri a lanƙwasar saman jakin ake yanka shi, faya-fayan aikinsu su ɗaga duka huɗun tare. Da yake masu ƙerawa ba su sa wata alama a jikin faifan ba, abin da nake gani gazawa ce a kayan da aka sayar da wannan tsada, na ɗiga farin fenti a gefen kowanne domin in riƙa ƙirga zagaye.

Bayan an kai tsayin da ake so, sauran aiki yana wajen ɗaurewa. Ina goga bakin fensir a cikin ramukan huɗu domin tsirkiya ta zame ba tare da ta ja itacen ba, domin duk lokacin da aka ɗaure tsirkiya tana jan kan jakin zuwa wajen allon yatsu, kuma jakin da aka bari a sunkuye yakan lanƙwashe a hankali, wata rana ya kife da ƙara mai firgitarwa. Ina ɗaurewa kaɗan-kaɗan ina leƙawa ta gefe, in tabbatar bayan jakin, wato ɓangaren da ke kallon mariƙin tsirkiyoyi na ƙasa, yana tsaye cak a kan fuskar, idan ya sunkuya in sa manyan yatsuna biyu in tura kansa baya a hankali. Tsayin da hannuna ya fi jin daɗinsa shi ne milimita 6 a G, 7 a D, 8 a A, 9 a E. Mai kaɗawa da yatsa wanda yake son ƙarfin sauti ba tare da lasifika ba zai so ya ɗara haka, mai yawan amfani da izga a saman allo kuma zai so ya gaza.

Game da sauti, makaɗa sun daɗe suna saɓani a kan ko ƙarfe a tsakiyar ƙafar jaki yana rage zaƙi, shi ya sa ake yin faya-fayan da tagulla da itace da roba mai tauri ban da alminiyam, har kamfanin Fishman ya yi wani mai suna Full Circle wanda aka saka na'urar ɗaukar sauti a cikin faifan. Abin da kunnena ya ji shi ne, idan da yatsa nake kaɗawa sautin ya ƙara fitowa fili fiye da da, kuma ina danganta wannan ga zaman ƙafafun da kafintan ya gyara. Da izga kuwa akwai ɗan kaifi a tsirkiyar G wanda babu shi a tsohon jakin, kaifin da ba na so, ko da yake ba ya kai yadda mai sauraro a zauren biki zai lura.

Na kai shi wurin wani dattijo mai yin goge a Makerar Gandu, wanda nake zuwa gaishe shi tun ina yaro, domin ya gani. Ya daɗe yana shafa faifan da yatsa, sannan ya ce, "Ɗana, naku da namu sun saɓa. Mu da damina fata ke saki, jaki ya nutse, sai mun kanga ta ga wuta. Ku kuma da damina naku ke hawa." Na ce, "Haka ne, Baba." Ya sa na murɗa masa ya ga tazarar tana buɗewa, ya ce a gogensa sauya jaki aikin ƙiftawar ido ne domin tsirkiya ɗaya ce kuma guntun itace bai fi ƙarfin aljihu ba, amma mai ɗauke da irin wannan nauyi yana da hujjar neman dabara.

Ƙurar hunturu ita ce abokiyar gabar wannan jaki a garinmu. Tana shiga tsakanin faifan da itace, tana maƙalewa a tiredi, kuma zuwa watan Fabrairu na farko faifan hagu ya yi tauri har gefensa mai ƙaiƙayi yana cin yatsa. Man inji ba ya dacewa da wurin, domin itace yana tsotse shi ya yi laushi. Abin da ya yi mini amfani shi ne share tiredin da tsohon buroshin haƙori sannan a goga masa kyandir. Haka kuma akwai iyakar da ba a wucewa wajen hawa, domin duk zagayen da ya fito fili ragi ne a kan wanda yake riƙe da itace, kuma jakin da aka ɗaga da yawa yakan yi rawa a kan sandunansa. Ni ba na barin abin da ya fito ya wuce milimita 7. Idan mutum ya ga sai ya zarce haka kafin ƙarar ta ɗauke, ko kuma ya ga tsayin tsirkiya yana canzawa a cikin 'yan kwanaki ba tare da yanayi ya canza ba, to ciwon yana wani wuri: wataƙila wuyan ya fara saki daga mazauninsa, ko fuskar tana lotsawa, ko allon yatsu yana bukatar a fere shi, kuma murɗa faifai ɓoye ciwon kawai zai yi har ya girma. Faifan kuma ba ya hana itace tsagewa a bushewar hunturu da zafin bazara da kan haura digiri 40, shi ya sa har yanzu nake ajiye nawa a cikin jakarsa, a ɗakin da randa take, nesa da taga, da jiƙaƙƙen soso a cikin robar da na huda.

Daga Janairun bara zuwa yanzu na sauke shi sau biyu, murɗa ɗaya da rabi a watan Yuni bayan ruwa ya zauna, wata ɗaya da rabi a ƙarshen Yuli, sannan na mayar da ukun a hankali tsakanin Nuwamba da Disamba, kuma a duk tsawon wannan lokaci tazarar tsirkiyar G ba ta gusa daga milimita 6 da fiye da milimita ɗaya ba. Ɗalibaina biyu da suke koyo a kansa sun daina kukan ciwon yatsu da damina. A kan wannan nake ganin duk mai dabul bes a Kebbi ko Sakkwato ko Zamfara, musamman wanda fuskar nasa itace ne tsantsa, ya cancanci ya kashe wannan kuɗi, da sharaɗin ya auna faɗin ƙafafun tsohon jakinsa da tsayinsa ya aika wa mai shago kafin ya biya, ya tambayi irin tiredin da ke jikin faya-fayan, ya kuma ware kuɗin yini guda na mai wuƙa da zai zaunar masa da ƙafafun.